Kuran na Cikin Kura

Tsohuwata, uwar 'ya'yana, tana da wani irin gero da ta gada wurin uwarta. Gajere ne, zangarniyarsa ma gajeruwa, amma yana nuna da wuri, tun na mutane bai gama fitar da kai ba. Uwar ta zo da shi daga arewa, wajen Azagor, inda damina ke leƙowa ta koma. Ni dai a bakina gero gero ne, in an dama fura ban taɓa bambance shi da na kasuwa ba. Na faɗi haka sau ɗaya, na ga abin da ya biyo baya, ban ƙara ba.

Daminar da ta gabaci wadda zan ba da labari ta yi mana wasa. An yi ruwa, an shuka, ya tsira, rana ta ƙone shi. Aka sake shukawa, ta sake ƙonewa. Abin da ya rage na irin nan bai cika 'yar ƙwarya ba. Ta cakuɗa shi da toka saboda ƙwari, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado. 'Yan'uwanta da suka gaji irin tare da ita sun cinye nasu a shekarun wahala, wasu sun koma wa wanda ake rabawa a buhu. In wannan ya tafi, ya tafi ke nan.

Waya kuwa tawa ce, kuma ba don gero na ɗaura ta ba. Ina da wata rediyo da ba ta faɗin komai sai shuuu, wani mai gyara ya ce in ja mata doguwar waya a sama. Na samo wurin masu tsohon ƙarfe, na ja ta daga reshen itacen bedin ƙofar gida zuwa wani itace da na kafa bayan ɗaki, na ɗaure bakin nan da bakin can da robar tsohuwar taya, don ita ce igiyar da ke hannuna. Rediyo ta yi 'yar maganarta ta mutu. Waya ta zauna, ta saki ciki a tsakiya, tsohuwa ta mai da ita wurin shanya.

Wata la'asar a ƙarshen bazara gabas ta yi ja. Wanda ya zauna Dakoro ya san abin: kafin hadari ya iso sai ya turo bangon ƙasa gabansa, ja wur, kaji su nufi akurki, mata su kife tukwane. Tsohuwa ta ruga ta kwashe shanya, iska ta riga ta fara watsa yashi. Sai na ji ta yi ƙara ta yar da zane.

"Kunama!"

Muka duba zane, muka duba ƙasa, babu kunama. Na ce mata tsufa ne, na miƙa hannu in nuna mata yadda maza ke kwashe shanya. Ban ma kai ga taɓawa ba, wani abu ya yi tsalle daga jikin wayar ya same ni a yatsa, tas, na ji shi har gwiwar hannu. Na ce a bar kayan nan su ƙara bushewa.

Da na lura ba ta cizo sai gabas ta yi ja, na nemo mata aiki. Ina da wani taubashi, ɗan ƙanwar ubana, ƙato mai son a ce ba abin da ke ba shi tsoro. Ranar da ƙura ta taso yana zaure wurina, na ce masa wayar nan za ta tsinke, ya riƙe mini in ƙara ɗauri. Ya kama da hannu biyu. Ya ambaci sunan Allah da na kakarmu cikin numfashi guda, takalminsa ɗaya ya tsaya inda yake, shi ya yi gaba. Daren nan aka yi ruwa. Washegari ya shiga kasuwa yana cewa wayar gidana tana cizo in za a yi ruwa, shi shaida ne.

Daga nan magana ta fita hannuna. In na fito masallaci sai a ce, "Tsoho, ta ciji wani yau?" Wani lokaci ta ciza a yi ruwa, wani lokaci ta ciza hadari ya bi ta kudu ya bar mu da share ɗaki. Mutane suna tuna na farko, suna manta na biyu. Ni ban ce ta san ruwa ba. Ban kuma ce ba ta sani ba. Mutumin da ya yi 'yan watanni a lakkwal, makarantar boko, aka koro shi don ya sa ƙadangare a aljihun mushe, wato malamin aji, in aka wayi gari ana tambayarsa labarin sama, ba ya gaggawar gyara wa jama'a kuskure.

Da bazara ta sake zagayowa, wani mushe da ke koyar da kimiyya a kwalej ya kama haya jikin katangarmu. Bazabarme ne daga yamma, ni kuwa Bagobiri, tsakaninmu da su akwai wasa tun kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ya girmi ɗana na fari da kaɗan, amma wasa ba ya duba furfura.

"Bawana," in ji shi ta saman katanga, "an ce kana da waya mai duba."

"Ubangidanka dai. Zo ka gaishe ta, tana son baƙi."

Ya zo ranar da gabas ta yi ja, amma bai ba ta hannu ba. Ya fito da ɗan turnabis, abin kwance kusoshi, mai ƙwai a gindi, irin na masu gyaran kuran, wutar nan da ake ɗauke mana dare da rana. Ya ɗora bakinsa kan wayar, ƙwan ya yi ja.

"Kuran ne," in ji shi.

"Kuran daga ina? Ni ko ƙwan ɗaki ban da shi, da tocila nike kwana."

"Kuran na cikin kura."

Allah ya ba Zabarmawa abubuwa da yawa, bai ba su harafin ƙa ba. Ƙura yake nufi. Na juya na kira tsohuwa.

"Ke, hito ki ji ilimi! Mushe ya ce kura ta haɗiye kuran, shi ya sa ake ɗauke muna wuta."

"Ba kura mai cin akuya ba, kai Bagobirin banza! Kura, kura, wadda ke siga ido!"

"To mu duk kurar da muka sani, in ta shiga idonka ka gama gani."

Ya bar ni na gama dariyata, sannan ya ciro biro daga aljihu. Ya nemi gashi a kaina bai samu ba, ya goga a nasa, ya kai kusa da dusar da ta zube gindin turmi. Dusa ta yi tsalle ta manne. Ya ce abin da ya faru tsakanin biro da gashi, shi ke faruwa tsakanin ƙwayar yashi da 'yar'uwarta in iska ta kwaso su suna karo. Kowace ƙwaya na fita da ɗan kuran a jikinta. Kuran ɗin kuma iri biyu ne, kamar gindin pil na tocila da kansa. Ƙananan ƙwayoyi sukan ɗauki iri guda su yi sama da shi, manya su riƙe ɗayan su tsaya kusa da ƙasa, sai sararin da ke tsakani ya ɗaure kamar igiyar guga. Wayata kuwa na ɗaure ta da roba, ba ta da hanyar zubar da abin da take sha, sai wani mai ƙaddara ya miƙo yatsa.

Ya ce ko ranar da sama take fes akwai ɗan wannan ɗaurin tsakanin ƙasa da sama, ba ma ji ne kawai. Ya ce can cikin girgije ma ɗigon ruwa ba ya haɗuwa haka kawai, sai ya sami ƙwayar da zai taru a kanta, ƙura ko hayaƙi ko gishiri. In ƙwayoyin na ɗauke da kuran, sukan jawo juna yadda biro ya jawo dusa, ɗigo ya kama ɗigo har ya yi nauyin faɗowa. Walƙiya ma daga irin wannan karo take, sai dai ita ƙanƙara ce ke karo da ƙanƙara can ƙololuwa, inda sanyi yake.

"Ashe ƙura ita ka kawo ruwa," na ce.

"Wani lokaci. In ta yi yawa kuma ta hana." Ya ce in ƙwayoyin sun yi yawa, ruwan da ke cikin girgije sai ya rarrabu a kansu, kowace ta sami ɗan kaɗan, babu wadda ta yi nauyi.

Wannan na gane shi da kyau, don na sha zuwa walimar da tuwo ɗaya ne baƙi sun cika gida. Kowa ya wanke hannu, ba wanda ya ƙoshi.

"To wayata ta san ruwa?"

"Wayarka ta san kura ta wuce. Ruwa yana baya ko ba ya baya." Ya ce manyan masana da ke da jirage da na'urori har yanzu ba su gama sanin iyakar abin da kuran ɗin nan ke yi wa girgije ba, balle wayar shanyar Bagobiri. Ya ƙara da cewa in kwance ta, don tsawa na son irin wannan. Na ce gobe. Tsohuwa tana bayan zana tana tsince wake.

Abin da na kai kasuwa daga duk wannan karatu shi ne mushe ya ce kura ta haɗiye kuran. Sauran ya yi tsawo.

Gamanar tsohuwa, wato 'yar gonarta ta kanta, tana can kan hanyar Roumbou, da nisa. In aka yi ruwan shuka, kowane hannu da kowane amalanke gandu yake nufa, gonar gida, sai an gama a waiwayi ta mata. 'Ya'yanmu maza suna arewa wurin nema, ba su dawo ba. Yashin nan namu kuwa ba ya riƙe laima, kafin a zo kanta ya bushe. Shi ya sa mata da tsofaffi ke yin binne: a sa iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya kwanta ya jira. In ruwan farko ya yi yawa, ka riga kowa. In bai zo ba sam, iri na nan. Abin tsoro shi ne na tsakiya, ɗan ruwan da zai tayar da ƙwaya daga barci ya tafi ya bar ta da rana.

A makon da mushe ya gwada wayar, kullum la'asar gabas sai ta yi ja. Waya ta ciji kaza, ta ciji mai tallan mai, wata rana ma ita kaɗai take ƙara tas-tas ba wanda ya taɓa ta. Maƙwabta suka fara fita binne. Da muka idar da magariba tsohuwa ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Malam, zamna nan."

Ba ta kirana Malam da wannan murya sai magana ta yi nauyi. Na zauna.

"Wayag ga taka, ta san ruwa ko ba ta sani ba? Nan ba kasuwa ba ce."

Na laluba aljihun wasa, ban sami komai ba. Na ce, "Ta san ƙura."

"Wannan na ji shi bakin Bazabarme. Kai nike tambaya."

"Ban sani ba."

"Alhamdu lillahi. Tun ina amarya nike jiran kalmag ga ta hito bakinka." Ta kalli ƙofar ɗaki. "In na jira, ba mai kai ni. In na binne, ko a yi da yawa ko kada a yi. Gobe ka ɗauki sungumi."

Muka fita da asuba da jakin taubashina, ita a sama da ƙwarya a cinya, ni a ƙasa da sungumi a kafaɗa. Ina sara rami, tana biye tana jefa 'yan ƙwayoyi tana rufewa da diddige. Ta ce in zurfafa, in bar saran malalata. Da muka kai tsakiyar gona na ce ta rage ko cikin tafin hannu ne ta mayar tulu. Ta ce wanda ta rage bara shi ne wannan, iri kuma in ya daɗe a tulu ƙarfinsa mutuwa yake, ta gaji da ajiye ragowar ragowa. Ta kakkaɓe ƙwaryar a ramin ƙarshe, har tokar.

Rana ta hana mu komawa, muka fake gindin wata aduwa muna jiran ta yi sanyi. Nan hadari ya same mu. Bangon ya taso ya fi na kullum, ƙasansa ja, samansa baƙi, walƙiya na yawo ciki ba ƙara. Muka juya baya, muka rufe fuska. Babu waya a wurin, amma abin na nan. Gashin bayan jaki ya miƙe, in na shafa sai in ji yana ƙas-ƙas. Mayafin tsohuwa, na roba-roba ne irin na yanzu, ya manne mata a jiki. Ta miƙo mini gorar ruwa, yatsunmu suka haɗu, tas. Ta ce ko a daji ban bar hali ba.

Da ƙurar ta ɗan yi sauƙi muka ɗaga kai. Girgijen na bisa kanmu, ruwa na zuba daga cikinsa zare-zare, ana ganinsa sarai, amma zaren bai iso ƙasa ba, a tsakiyar sarari yake ƙarewa. Sai ɗigo ya fara faɗowa ɗaiɗai, manya, masu laka, kowane ya bar tabo ja a rigata. Ƙanshin ƙasa ya tashi.

Na yi shekaru ina ganin ana roƙon ruwa, na bi sahu ni ma. Ranar ce na fara jin wani roƙo daban. Tsohuwa ta miƙe tsaye, hannuwa a buɗe, tana cewa, "Ya Allah, ko ka cika ko ka riƙe. Ko ka cika ko ka riƙe." Ɗigon ya ƙaru har yashi ya yi zane-zane kamar fatar zabo. Ya tsaya haka, ba gaba ba baya. Sannan iska ta juya, girgijen ya ja jiki ya yi yamma, wajen gari.

Ta durƙusa bakin wani rami ta tona da yatsa. Sama-sama ne ya jiƙe, bai kai kaurin farce ba, ƙasa da shi yashi na zuba kamar gari. Ta tono ƙwaya guda ta sa a haƙori. Ta yi ƙaras. Ta tona wani ramin can gefe, ta sake gwadawa. Washegari ta sa na dawo da ita ta sake tonawa, ko ƙwaya ta kumbura cikin dare. Ba ta kumbura ba.

Kusa da gari yayyafin ya fi haka yawa. Waɗanda suka binne a can, nasu ya tsiro kore shar, ya yi 'yan kwanaki, ya kwanta. Ba wanda ya zo ƙofata da faɗa, kowa ya san da hannunsa ya binne. Sun dai daina tambayata labarin sama, taubashina kuma ya koma kirana malamin shanya.

Namu yana ƙasa yana barci, sai dai ba mu kaɗai muka san yana nan ba. Zabin daji sun sani, kurciyoyi sun sani, tururuwa da ɓeraye ma sun ji labari. Tsohuwa ta ba ni aikin da ya dace da karatuna: in tafi kullum in tsaya tsakiyar gona da tsumma a bakin sanda. Na yi ta tsayuwa. Makiyaya masu wucewa suna yi mini sallama daga nesa, wasu ba sa yi, ina jin sun ɗauka kafa ni aka yi. Inda na ga an tona sai in rufe da ƙafa, ko da na san an riga an ɗauke abin da ke ciki, don kada ta zo ta gani.

Ruwan da ya zo daga baya da hantsi ya zo, ba ja, ba iska, ba wani shela. Sama ta yi toka-toka tun safe, ta fara zuba a hankali ta ƙi tsayawa. Tsohuwa ta kwashe shanyarta hannu sake, ba abin da ya taɓa ta. Mushe ya ce ta saman katanga iska mai laima ba ta barin kuran ya taru, lallaɓawa yake ya tsere. Na ce ashe ɗan'uwan Zabarmawa ne.

Geron ya fito, amma ba duka ba. Nan rami uku a jere, can fili kamar kaina, can kuma guda ɗaya shi kaɗai. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, inda suka yi cunkoso ta cire ta dasa a inda babu, abin da ban taɓa ganin ta yi wa geron gandu ba. Damina ta yi gajarta a shekarar, ta ɗauke tun na mutane yana fure. Nata ya riga ya nuna. Abin da muka yanka bai isa a kira shi abinci ba, jaki ya kawo shi gida bai ko yi nishi ba.

Na roƙi zangarniya guda a gasa mini tumu, don ladan tsayuwa. Ta ce in je in roƙi zabi, su suka ci rabona. Ta zaɓi masu kyau ta ɗaure, ta rataye a rufin ɗaki inda hayaƙi ke kaiwa.

Bayan kaka 'yarmu da ke aure a Adjekoria ta zo ganin gida. Ranar da za ta koma, uwar ta hau turmi ta sauko da ɗaurin, ta raba shi biyu, ta naɗe rabi cikin tsohon zane.

"Ki shuka shi can gehe, nesa da na mijinki, kada su auri juna. Kada ki daka, ko yara na kuka."

"Inna, mutanen gidanmu dogon gero suka sani. Dariya za su yi mini, su ce na kawo na wadanni."

"Su yi. Ke dai kada ki sa shi ƙasa rana ɗaya da ni. In na binne, ki jira ruwa. In na jira, ki binne."

'Yar ta ɗora ƙunshin bisa kayanta. Na raka ta tasha, mai moto ya ce kaya sun yi yawa, na cire shi na riƙe, sai da ta zauna na miƙa mata ta rungume a ciki.